Akuyar Ladi a Hannun Mahauci

Akuyar matata ta kamu da ciwon huhu a daminar bara. Ni na yi mata allura a gida, sau tara. Ta rayu, amma na lalata mata ƙafa ɗaya.

Ni mahauci ne. Na fi shekara arba'in ina fawa a Kawo kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Inuwa, tsohon akawun gwamnati, shi ke rubutawa, ni ke faɗa. Na ce masa kada ya ƙara gishiri.

Matata sunanta Ladi. Mun binne 'ya'ya uku, biyu suka rage, su ma sun yi nisa. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane haske da duhu. Daga ni sai ita a gidan, sai akuyar, wadda take kira Kyalla. In na fita, da ita take hira. Saboda ita take tashi da sassafe, ta lalubi kwanon dusa, ta lalubi igiya. Ta san inda akuyar take ta ƙarar taunarta.

Ni kuwa akuyar ba ta taɓa yi da ni ba. In na shigo sai ta koma ƙarshen igiya. Ladi ta ce warin kwata take ji a jikina. Na ce na bar kwata shekara shida. Ta ce kwata ce ba ta bar ni ba.

Akwai wani abu tsakanina da Ladi da ba mu taɓa zama mun shirya ba. Duk ranar da zan yanka dabbar da ta kiwata, sai ta shiga ɗaki ta saki labule, ba ta fitowa sai na gama fiɗa na wanke tsakar gida. Haka muke tun tana gani.

Ciwon ya fara ne bayan wani ruwan yini. Na tafi jana'iza Mando, kwanon rumfar akuyar yana yoyo, ta sha duka har la'asar. Bayan kwana biyu Ladi ta ce, "Malam, Kyalla ba ta tuƙa."

Na ce, "Ƙoshi ne."

"Ba ƙoshi ba ne. Saurara ka ji."

Na saurara. Tari ne, busasshe, ƙasa-ƙasa. Washegari majina ta fara zuba, fara, daga baya ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa. Kunnuwa suka yi zafi. Ta tsaya a lungu ta ƙanƙame jiki, gashi a tsaye. Ko ganyen mangwaro ba ta duba ba.

Makon farko a shawara ya ƙare. Ƙanwar Ladi ta zo daga Katabu da sassaƙen maɗaci, aka jiƙa aka ɗura mata. Wata ta ce kanwa da tafarnuwa. Wata ta ce a shafa man ja a hanci. Malam Inuwa da ke rubutun nan ya kawo kafso guda huɗu da suka rage masa tun ciwon haƙori, ya ce a warware a ruwa. Ya ce in cire wannan daga labarin. Na ce sai ya rubuta. Duk mun yi, duk na gode musu, babu wanda ya yi aiki. Rabin abin da muka ɗura ma ta hanci ya dawo.

Ni na san abin da ke cikinta. Na feɗe irinta ba adadi. Huhu ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri kamar hanta, sai ka sa wuƙa ka kankare. Ban gaya wa Ladi ba.

Ranar Asabar Sale ya zo. Yarona ne a da, ni na koya masa riƙon wuƙa, yanzu shi ma ya yi furfura, yana da teburinsa a kasuwa. Ya duba akuyar sau ɗaya, ya kama ƙugunta ya matsa.

"Maigida, me kake jira? Kwana uku in ta kai, ta yi ƙoƙari. Kwantar da ita tun da sauran nama a jikinta. Ko so kake ta zama mushe a gidan mahauci, a yi mana dariya?"

Gaskiya ya faɗa. Abin da ni ma zan gaya wa kowa ke nan. A unguwar nan ni ake kira in dabba ta kwanta, in zo da gudu kafin rai ya fita. Na duba Ladi. Ta miƙe daga tabarma, ta lalubi bango, ta nufi ɗaki. Hannunta yana kan labule na ce wa Sale ya tafi, zan neme shi.

Kwanaki ke nan tuwon Ladi yana kwana a kwano. Na lura ranar da akuyar ta bar ci ita ma ta bari. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta dai daina ci. Na binne mutane da yawa, na san yadda tsoho ke fara tafiya.

Ran Litinin na ɗauki akuyar zuwa asibitin dabbobi. Masu keke-napep uku suka ƙi ni, na huɗu ya ce sai na biya kuɗin mutum uku, kuma in ta yi kashi ni zan wanke. Ta yi. Na wanke.

Mun isa da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. A gabana akwai wani Bafillace da ɗan maraƙi, da wata mata da kaji a kwali, da wani mai babbar mota da kare a kan cinyarsa an sa masa riga. Karen ya riga mu shiga, ko da yake mun riga shi zuwa. Babu wurin zama sai dakali ɗaya, babu ruwan sha. Amma likitar da ta duba ta, Allah ya yi mata albarka. Yarinya ce sa'ar autata. Ta durƙusa a ƙasa da farar rigarta, ta sa abin sauraro a ƙirjin akuyar, ta daɗe.

"Baba, kwana nawa?"

"Tara."

"Tara! Me kuka ba ta?"

Na lissafa mata. Ta rufe ido ta buɗe.

"Mene ne sana'arka?"

"Fawa."

Ta yi 'yar dariya. "To, Baba, bari in gaya maka tun yanzu. Ko wuƙa ko allura. In na sa mata maganin nan, namanta ba ya ciwuwa sai bayan makonni. Ba za ka yi kwana biyu ka ce ka fasa, ka kai wa mutane kasuwa ba. Zaɓi ɗaya kafin in buɗe kwalba."

Na ce ta buɗe.

Maza biyu suka riƙe ta, likitar ta soka a gefen wuya, gaban kafaɗa, inda tsoka take da kauri. Ta ce kullum sau ɗaya har kwana biyar, ba fashi. Ta nuna mini layin da zan tsaya a jikin sirinji, na sa farce na yi masa alama. Ta ce in na soka in ja baya kaɗan in duba, in jini ya shigo in cire in sake wuri. Na ce ba zan iya zuwa kullum ba. Ta ce ai ba sai na zo ba, wanda ya iya fiɗa ya san inda tsoka take. Ta ba ni kwalba da sirinji da allurai. Maganin ruwan zuma ne, mai kauri.

Washegari na fito da kayan. Ladi tana jin na kwance igiya ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Na ce mata allura ce kawai. Ta ce ta sani, ba ta dai son jin kukan.

Akuyar da ba ta iya ɗaga kai, tana ganina da abu a hannu sai ƙarfi ya zo mata. Ta zagaya turke, ta ture kwanon ruwa, ta shige tsakanin randa da bango. Da na kamo ta, na yi abin da hannuna ya sani. Riƙon dabba ɗaya na iya a duniya. Na ɗauke ƙafafunta, na kayar da ita a kan ɓarin hagu, na juya ta gabas, na take ƙafafun baya da ƙafata, na danne na gaba da gwiwa. Ban yi tunani ba. Jikina ne ya yi.

Ina kai hannu wuyanta ta fasa wani irin kuka da na san shi. Ta yi ta buga kai da ƙasa. Wuyan ba ya tsayawa. Na ce to, cinya ma ai tsoka ce. Na soka a bayan cinya. Ta yi harbi, allurar ta lanƙwashe a ciki. Na zare, na sa wata, na sake sokawa a wurin. Da na sake ta, ta daɗe a kwance ido a buɗe tana jiran saura.

Kada kowa ya yi wannan. A bayan cinya akwai wata farar jijiya mai kauri da ke sauka har ƙofato. Na sha zare ta daga nama in jefa wa karnuka. Ban taɓa tambayar aikinta ba.

Rana ta uku haka na sake yi. Na kayar, na juya gabas, na take. Na ɗaga sirinji, sai na ji bakina ya ce da ƙarfi, "Bismillahi, Allahu akbar."

Labule ya yaye. Ladi ta fito babu sanda, babu ɗankwali, ta yi karo da turmi ba ta tsaya ba.

"Malam! Ka yanka ta? Ka yanka mini ita?"

"Allura ce."

"Ƙarya kake! Na ji ka!"

Ta faɗi a gwiwa, ta lalubo akuyar, ta bi wuyan da tafin hannu daga haɓa har ƙirji, ta kai hannun hancinta ta sansana. Babu jini. Sai ta ci gaba da lalube. Ta taɓa ƙafata a kan ƙafafun akuyar. Ta taɓa gwiwata. Ta gane inda kan yake kallo.

"Haka kake yi mata tun jiya?"

"To yaya ake yi?"

"Shekara arba'in da biyar ina kiwo a gidanka, ba ka taɓa ganin yadda ake riƙe dabba ba?"

"Ina gani. Ga shi na riƙe."

"Wannan riƙon wadda za ta mutu ne. Ɗaga mata ƙafa, tsohon banza."

Ladi ba ta taɓa zagina ba sai ranar. Na ɗaga.

Ta sa na kawo mata 'yar kujera. Ta zauna, ta tsai da akuyar a kan ƙafafunta, ta jawo kan ta sa tsakanin gwiwoyinta, ta rufa masa gefen zane. Tana sosa mata gindin ƙaho tana magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ake yi wa jariri. Ta ce in je in wanke hannu da sabulu, in cire rigar, in zo ta baya, kuma in rufe bakina. Na zo a singileti. Ta kama hannuna ta ɗora a kafaɗar akuyar, ta danne da nata, ta ce kada in motsa. Muka tsaya haka. Ina jin fatar tana rawa a ƙarƙashin tafina, har ta daina.

"Yanzu."

Na soka a wuya, inda likita ta nuna. Na ja baya, ba jini. Na tura. Akuyar ta yi ƙara sau ɗaya, ta cusa kai cikin zanen. Shi ke nan.

Ladi ta ce, "Ka gani? Ko kaza ba ta fi haka ba."

A daren ta ci rabin tuwo.

Rana ta huɗu haka muka yi. Da yamma akuyar ta ja harawa, tari ya ragu, majina ta tsinke. Ran ta biyar na fito da kwalba, Ladi ta ce, "Haba Malam, ta warke. Wuyan duk ya kumbura. Ka bar ta ta huta." Ni ma na duba na ga tana ci. Na mayar da kwalbar kan taga. Laifin nawa ne, ni likita ta gaya wa ba fashi.

Kwana shida muka yi cikin murna. Sai dai tana jan ƙafar baya ta dama, wadda na soka, ƙofaton yana naɗewa. Na ce tsami ne, zai sake.

A mako na uku ciwon ya dawo, ya fi na farko. Numfashi da baki a buɗe, haƙarƙari yana shiga yana fita, ga zawo. Na sake neman keke, na sake bin layi. Likitar ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a haske.

"Baba, saura na kwana ɗaya a nan."

"Ta warke ne."

"Ta warke shi ya sa ka dawo?"

Ta taɓa ƙafar, ta tambaye ni inda na soka. Na nuna. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce jijiyar ce na taɓa, wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Ta canza magani, wannan fari kamar nono, sai an girgiza. Kwana bakwai. Ta yi na farko da kanta. Ta ce, "Wannan karon ko ta tashi tana rawa, ka cika." Maganin nan ya fi na farko tsada, kuma babu shi a wurinsu, sai da na bi shaguna uku da akuya a kafaɗa. Na sayar da babbar wuƙata ta fiɗa da gatarin sara ƙashi. Sale ya saya. Bai nemi ragi ba, na yaba masa.

Na biyu, na uku, na huɗu, babu canji. Yanzu ba ta ma gudu. Da na so ta yi harbi. Ladi tana dama kunun dusa da ɗan gishiri, tana ɗiga mata da cokali ta gefen baki. Ni na gyara kwanon rumfar, na shimfiɗa buhu, na hura gawayi a kasko daga nesa. Ina juya ta safe da yamma don kada gefe ɗaya ya mutu. Tuwon Ladi ya koma kwana a kwano.

Safiyar allura ta biyar na dawo daga masallaci na tarar da akuyar a kwance, wuya a miƙe a ƙasa. Ladi tana zaune a gefenta cikin sanyi. Ban san wanda ya gaya wa Sale ba, sai ga shi da sallama, da wuƙa a naɗe cikin tsumma. Wuƙata ce ma.

"Maigida, ba don nama ba. Na san an sa magani. Don wahalar. Ka ji yadda take ja."

Na ce ya jira a zaure.

Ladi ta ce, "Malam."

"Na'am."

"Ka yanka ta."

Na juyo na dube ta, ta ci gaba.

"Na yafe. Ni na riƙe ta, don kaina. Tana shan wuya. Ka yi da hannunka, kada ka bar wa Sale, hannunka ya fi sauri. Ba zan shiga ɗaki ba, zan riƙe mata kai."

Na tsuguna. Na sa yatsa a maƙogwaron akuyar, inda na saba sawa. Na ɗaga fatar ido, na duba dasashi. Na sha ganin dabbar da ta sallama, idonta yana komawa kamar an shafa masa toka. Na wannan bai koma ba. Tana kallona, kuma har yanzu ba ta ƙaunata.

Na ce, "Likita ta ce kwana bakwai. Saura uku."

"Tun yaushe ka fara jin maganar likita?"

"Tun da na sayar da wuƙa."

"Ga ta can a zaure."

"Ba tawa ba ce yanzu. Kawo kujerarki."

Akuyar ba ta iya tsayuwa, sai na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinta na tallafe, Ladi ta karɓi kan ta rufa zane. Na girgiza kwalba da ɗayan hannun, na cire murfin sirinji da haƙori. Ladi ta kama wuyan hannuna ta riƙe har na gama turawa.

Na fita zaure na ce wa Sale ya tafi kasuwa, rana na yi. Ya ce, "Maigida, tsufa ya sa ka taushi." Na ce in ya sake shigo mini gida da wuƙa ba a kira shi ba zai ga taushi. Da la'asar ya aiko da ɗaurin harawa, sabuwa, mai ganye. Bai ce daga shi ba ne, amma na san ɗaurinsa.

Ranar ba ta mutu ba. Washegari ma ba ta mutu ba, ta ɗaga kai ta sha ruwa da kanta. Na yi ta shida. Ran ta bakwai ina girgiza kwalba ta yunƙura, ta tashi a kan ƙafa uku, ta ja jiki ta shige tsakanin randa da bango. Sai da na kwashe randar kafin na fito da ita, ta kuma sa mini ƙaho a gwiwar da ke ciwo. Ladi tana jin ƙarata ta fashe da dariya, har da tari.

"Ta tunkuye ka?"

"Ta tunkuye ni."

"Alhamdu lillahi. Akwai sauran tuwon jiya?"

Na ɗumama mata. Ta cinye, ta ce miyar ba gishiri.

Wanda dabbarsa ta fara tari, kada ya yi kwana tara yana jiƙa sassaƙe. Kada ya kayar da ita, a tsaye ake yi, a hannun wanda ta yarda da shi. Kada ya taɓa bayan cinya. Kuma ya ƙarar da kwalbar. Abin da na sani ke nan, da tsada na saye shi.

Ƙafar ba ta dawo ba. Na yanka tsohuwar robar taya na ɗaure mata a ƙofato don kada ƙasa ta cinye shi, ina canzawa in ta siɗe. Har yau in dabba ta kwanta a unguwa ana kirana, ina zuwa, da wuƙar aro. Ina dai tambaya tukuna ko an kai ta asibiti.

Yanzu ina nan gida a Kawo, ba na nisa. Ladi ta ce hannunta ya gaji, ta bar mini haɗa dusar safe. Ina haɗawa in miƙa mata, ita ta ajiye, don in ni na ajiye akuyar ba ta ci.